Yatsa Ɗaya da Ya Tsira

Shekara talatin da ɗoriya Baba mahauci ya yi a rumfarsa ta ƙarshen layi, hannu kullum cikin jini da ruwa. Mutum ne da ya yarda da wuƙa fiye da kima. Duk abin da ya tsiro inda bai dace ba, a wurinsa maganinsa yanka.

Shi ya sa da tusar jaki ta fito masa a gefen farcen babban yatsa, bai yi wata-wata ba, ya wasa wuƙa ya shafce ta kamar kitse. Ai kuwa ta dawo da 'yan'uwanta! Yana yanka tana yaɗuwa, har ta bi yatsu tara, ta kutsa ƙarƙashin farce, farcen ya ɗage ya tsage. Ƙaramin yatsan hagu kaɗai ya tsira.

Ko a jikinsa, sai da autarsa ta zo gida ta haihu.

"Baba, ga amaryarka, karɓe ta mana," in ji Auta.

Ya dubi fatar jaririyar, ya dubi hannuwansa, ya cusa su aljihu. "Ƙarnin nama nake," ya ce. Ƙarya yake. Tsoro yake ji kar ya shafa mata.

Washegari mutumin da bai taɓa taka asibiti ba sai ga shi a layi. Likita ta ce ƙwayar cuta ce mai shiga ta tsagar fata, tana son hannun da ba ya bushewa, shi ya sa take yawan kama mahauta. "Wuƙarka ce ta yi ta shuka maka ita, Baba." Ta ɗiga masa wani ruwan sanyi da ya fi wuta zafi, ta ce abin sai a hankali. "Ka rufe da filasta, ka ɗauki jikarka."

Ina! Baba bai yarda da filasta ba. Ya ce sai ya warke tas. Kullum in ya rufe rumfa sai ya zo ya tsuguna bakin katifa, hannu a baya, yana yi wa jikar wasa da gira. Wallahi kewarta yake ji alhali tana gabansa.

Kwanaki suka ƙare. Auta za ta koma wurin mijinta, can wata ƙasa mai nisa. A tasha ta fashe da kuka.

"Haba Baba! Haka za ta tafi ba ta san hannunka ba?"

Ya dubi ƙaramin yatsansa na hagu, wanda ya tsira. Sannan ya miƙa ɗan yatsan nan ta tagar mota. Yarinya ta damƙe shi gam. Direba na ta hon, sai da uwar ta ɓamɓare 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wata biyar hannu ya warke sumul, sabon farce ya fito. Abokan sana'a na ta yi masa barka. Shi kuwa sai ya buɗe tafukan ya yi ta kallonsu. A hoton da aka aiko jiya, har jikar ta fara zama.