Koren Zane a Tsallaken Kogi

Yayana mai wanki ne, kuma tun da na yi wayo ban san shi da wata sana'a ba. Kumfa ake ce masa, don in ya tsoma hannu a baho sai kumfa ta hau masa har gwiwar hannu, wani lokaci har gemu. Ni ce mai yi masa guga. Shi ya wanke, ni in goge, mu yi faɗa a tsakani, ko in ce ni in yi faɗa shi ya yi shiru. Yana da irin sanyin halin nan mai ban haushi. Ko gobara ta tashi a gida, sai ya gama matse rigar da ke hannunsa kafin ya waiwaya.

Garinmu a bakin kogi yake, kogin kuma shi ne iyaka. Tsallake wata ƙasa ce a wurin hukuma, mu dai a wurinmu tsallake ce kawai. Can muke sayo gawayin guga, su kuma nan suke zuwa asibiti, don babu asibiti a gefensu sai an yi tafiya mai nisa. Gada guda ce ta haɗa mu. A gaɓarmu akwai wasu faffaɗan duwatsu inda Kumfa ke wanki da shanya, a tasu gaɓar ma akwai irinsu. In rana ta fito kana hango launin kayan da aka shanya a can, amma ba ka gane fuskar mutum, ko ka yi ihu kuma ƙarar ruwa za ta haɗiye muryar.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa. Matarsa ta rasu wurin haihuwa ta biyu, ita da jaririn, shi ya raini yarinyar a kan duwatsun nan, ni ina taya shi da baki. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai a kan abu ɗaya: shanya. A wurin Kumfa ba a shanya kaya mai launi sai an juya shi baibai, ciki a waje.

"Rana ba ta da tausayi, Uwata," haka yake ce mata. "Ki ba ta bayan zane, kada ki ba ta fuskarsa, sai ta cinye launin."

Ta sha ranƙwashi a kan wannan tun ba ta kai tsawon baho ba, har abin ya bi jikinta. Ko tsumman goge ƙasa ta wanke sai ta juya shi. In na yi mata dariya sai ta ce, "Gwaggo, hannuna ne ke yi, ba ni ba."

Da ta girma ta auri wani kafinta a tsallake, yaro mai kirki, shi ma shiru-shiru kamar surukinsa. Na ce to, an taru an rasa mai magana. Uwarta ta bar zannuwa biyu masu kyau, ja da kore. Ranar da za ta tare ta ɗauki koren, ta bar wa ubanta jan a cikin akwati. Zuwanta na ƙarshe gida tana da ƙaramin ciki. Ta zauna a kan tabarmar gugata ta ce, "Gwaggo, in lokaci ya yi nan zan dawo in haihu a asibiti. Kin san Baba ba zai yi barci ba in ba haka ba." Na ce dama wa zai bar ki? Ta koma da yamma, ba a yi mako ba aka rufe gadar.

Kada ka tambaye ni dalilin yaƙin, don har yau in na faɗa sai raina ya ɓaci. Wani tsibirin yashi ne a tsakiyar kogi, mai fitowa da rani ya nutse da damina. Ko akuya ba ta kiwo a kai. A kansa manya suka yi ta musayar baƙar magana a rediyo, sannan suka koma musayar wuta. Aka fasa tsakiyar gada, aka toshe layin waya tsakanin ƙasashen biyu. Wanda ke da ɗan'uwa a tsallake ya zama kamar ba shi da shi.

Wata safiya da harbi ya lafa, na nemi Kumfa na rasa. Sai ga shi can kan duwatsu shi kaɗai, ya shimfiɗa jan zanen marigayiya a kan dutsen da ya fi kowane tudu, ya danne kusurwoyin da ƙananan duwatsu. Na bi shi da masifa.

"Yaya, ka gaji da duniya ne? Harsashi ya san kai mai wanki ne?"

Washegari ya ja ni har wurin, ya nuna min da haɓa. A kan dutsen tsallake ga wani abu kore a shimfiɗe, kore mai haske-haske, fari-fari, irin launin bayan zane.

"Kin gani?" in ji shi. "Ta juya shi."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Daga ranar, duk safiyar da aka sami sarari sai ya shanya ja, ita ta shanya kore. Ba wata magana ce mai tsawo ba. Ina nan, kina nan? Ina nan. Da wannan muka ci watannin yaƙin.

Sai aka ce an sasanta. Ƙasashen duniya sun shiga tsakani, za su turo sojojin kiyaye zaman lafiya. Ranar da suka iso gari ya fito kallo, motocinsu farare tas, saboda haka muka sa musu Masu Farar Mota. Ni da bakina na yi musu addu'a, kuma ba na janye ta, don tun da suka zo ba a ƙara binne yaron kowa ba. Kumfa har sabuwar hula ya sa. A zatonsa gobe za a gyara gada, jibi Uwata ta tsallako.

Ashe abin da suka zo yi daban. Sun zo ne su tsaya a tsakani don kada kowa ya kusanci kowa. Suka ja waya mai ƙaya tun daga bayan kasuwa har ƙarshen gari, suka ce daga nan zuwa ruwa ba mai shiga, soja ko farar hula. Duwatsun wanki suka faɗa ciki. Daga bayan wayar ba ka ganin komai sai rufin sansaninsu, wanda suka kafa daidai inda muke shanya. Harsashi bai hana Kumfa zuwa kogi ba, sulhu ya hana shi.

Mutumin nan ya daina cin abinci. Sai ya zauna a ƙofar gida yana lissafin watannin cikin da yatsu, ya kai ƙarshe ya sake farawa. Ni kuma abin da na iya shi ne faɗa, na yi har na gaji.

Da aka ce sansanin na neman mai wanki, tun kafin a gama sanarwa ya isa ƙofa. Suka ɗauke shi, ya ce ba ya aiki sai da mai gugarsa, suka ɗauke ni. Aka ba mu wata rumfa ta kwano, da famfo, da injin wanki wanda Kumfa ya kalla sau ɗaya ya ɗora sabulunsa a kai. Igiyoyin shanya kuwa a bayan rumfar suke, suna fuskantar ruwa. Rana ta farko ya shigo da jan zanen a naɗe a ƙugunsa, ya rataye shi a tsakiyar fararen zannuwan gado. Aka yi kwanaki ba amsa. Ranar da koren ya fito, fari-fari kamar kullum, na ga yayana yana dariya shi kaɗai a gaban baho.

Shugaban sansanin wani dogon hafsan soja ne mai furfura, daga wata ƙasa mai nisa. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Kumfa ya same shi ta bakin tafinta, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, 'yata ce a tsallake, cikinta ya tsufa. Uwarta wurin haihuwa ta rasu. Asibiti kuma nan yake. Kuna da jirgin ruwa, ina ganinsa kullum. Mace ɗaya ce, ba ta da nauyi."

Hafsan ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ma yana da 'ya. Ya ce amma ba a ba shi ikon tsallakar da kowa ba, sai gwamnatocin biyu sun amince, kuma akwai kwamitin da zai zauna a kan maganar iyalan da aka raba. Na ce da tafinta, "Tambaye shi, cikin zai jira kwamiti?" Tafinta ya ƙi fassarawa. Hafsan dai ya gane, don ya sunkuyar da kai.

Ba a jima ba sai sojojin tsallake suka kai ƙara. Wai sun lura ana ɗaga jan ƙyalle daga sansanin masu sulhu, wai alama ce ake yi wa abokan gaba, in ba a daina ba za su janye daga yarjejeniya. Jan ƙyalle! Zanen matar da ta yi shekaru a kabari! Hafsan da kansa ya zo rumfarmu. Kumfa ya yi masa bayani tiryan-tiryan, shi kuma ya yarda, na ga ya yarda. Amma ya ce sulhun nan da ƙyar yake tsaye, ba zai bari a koma harbi a kan zane ba. Daga yau ba abin da za a shanya sai kayan sansani. Ya ce ya yi haƙuri. Kumfa ya sauke zanen, ya ninke shi a hankali, ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ni ce na yi ta zage-zage a kan dutsen guga har na ƙona wa wani soja aljihu.

Koren ya ci gaba da fitowa kowace safiya, ba amsa. Ka san yadda wannan yake? Muna tsaye muna kallonta tana tambaya, mu kuma hannunmu cike da kayan wasu. Sannan koren ya daina fitowa. Dutsen ya zauna fayau, kwana da kwanaki. Kumfa yana wanki fuskarsa na kallon kogi, har ya riƙa wanke riga ɗaya sau biyu.

Wata safiya na fito da kwandon shanya na hango shi. Kore shar a kan dutse, ga kuma wasu 'yan ƙananan fararen kaya a jere a gefensa. Na yar da kwandon.

"Yaya! Yaya, fito! Ta sauka! Ga kayan jariri can!"

Ya fito hannunsa na ɗigar kumfa. Ya daɗe yana kallo. Ina ta murna ina jan hannun rigarsa, shi ko motsi bai yi ba.

"Ba ita ta shanya ba," in ji shi.

"Kamar yaya?"

"Dubi launin. Fuskar zanen ce a sama."

Sai a lokacin na lura. Koren ya yi kyau da yawa, bai taɓa yin kyau haka ba. Amma na dake. Wani soja mai gadi ya ga halin da muke ciki ya miƙo min madubin hangen nesansa. Na hango namiji zaune a gefen dutsen, da alama kafintan ne, da wani abu a naɗe a kafaɗarsa yana jijjigawa.

"Haba Yaya," na ce, "mai jego ce fa. Wace mai jego ce za ta sauko kogi? Mijin ta aiko. Tana kwance tana hutawa, kai kuma kana nan kana neman abin damuwa."

Ya girgiza kai.

"Da tana da bakin magana, da ta ce masa ya juya shi."

Na ɗauki kayan da na zubar na koma na sake ɗauraye su.

Har yanzu muna aiki a sansanin. An canza hafsan, an kawo wani, shi ma mai kirki. Ba a harbi, yara sun koma makaranta, kasuwa ta cika, kowa na cewa alhamdu lillahi, mu ma muna cewa. Kwamitin ya zauna ya tashi, an ce zai sake zama. Jan zanen na cikin akwati. Wani lokaci ina tunanin in Uwata tana raye, to ita ma tana can tana zaton ubanta ya mutu, sai in ji kamar in tsinke wayar ƙayar nan da haƙorana. Ba na gaya masa.

Kafintan bai fasa ba. Kowace safiya sai ya shanya koren, fuska a sama, rana na dukansa. Kumfa kan tsaya a bakin igiya ya kalla kafin ya fara aiki, ko Allah zai sa yau ya ga an juya. Jiya na same shi a tsaye, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe fiye da kullum.

"Ya fara koɗewa," ya ce da ni. "In ya ƙara koɗewa, ko ita ce ta shanya ba zan gane ba."