Amotisar biyu, duk na hagu

Sallar asuba kawai muka yi muka shiga bas daga Bouaké, ni da wani maƙwabcina tsohon bakanike. Yayana da ke unguwar Treichville ba shi da lafiya, 'ya'yansa sun shirya mayar da shi Tahoua ranar Asabar, kuma kowa ya san ba dawowa zai yi ba. Abu ɗaya ya roƙa: in tuƙa shi zuwa Bassam ya ga teku a cikin tsohuwar motarsa ta Ingila, mai kujera biyu marar rufi, wadda ya saya hannun wani Bature tun muna da ƙarfi. Matsalar ita ce bayan motar tsalle yake kamar akuya, bayan Yaya kuwa ba ya ɗaukar girgiza.

Hanya sumul take, amma na kasa zama. A Toumodi mata suka yanyame tagogi da burodi da soyayyar ayaba. Komai ya yi tsada, burodin ma ya rame. Muka sauka unguwar Adjamé cikin hayaniyar yaran gbaka, ƙananan bas na haya, muka nemi tasi zuwa Treichville.

Na tarar da Yaya a kan tabarma ya zama rabin yadda na san shi. Ya ce, "Ƙane, ka zo da kanka, ko aiko ka aka yi?" Na daɗe ban taka gidan ba.

Muka ɗaga motar. Amotisar ɗinta, wato ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ba dogo ba ne irin na yanzu. Ɗan akwati ne mai mai a ciki, da hannu guda. Duka biyun na baya sun saki. A Adjamé ba a sayen kayan mota da suna, tsohon ake kaiwa a nuna. Maƙwabcina ya ce mu kwance duka biyu mu tafi da su. Na ce nauyin banza ne, ɗaya ya isa, na ɗauki na hagu. Gaggawar nan ta daɗe tana ja mini asara, har yau ban daina ba.

Muka yini a Adjamé tsakanin Liberté da 220 Logements, rumfa bayan rumfa, ana juya ƙarfen ana dariya. Wani ya tambaya ko na keken ɗinki ne. Muka ci garba a tsaye, wato acheke na garin rogo da kifi, barkono har hawaye. Da la'asar wani ɗan kasuwa Bajula ya tono mana biyu daga ƙarƙashin tarkace. Ya ce, "Alaji, ka ce irin wannan guda biyu. Ga su, ko uwarsu ba ta bambance su."

Gaskiyarsa. Ranar Juma'a da safe na hagu ya zauna daram. Na dama ya ƙi: ramukan bulon, wato ƙusoshin ɗaurewa, suka dace, hannun ya kalli gaba maimakon baya. Ashe kowane gefe da nasa. Na koma Adjamé a guje, babu na dama ko ɗaya.

Maƙwabcina ya wanke tsohon na daman, ya ɗura masa man amotisar babur, muka mayar. Sai da muka sauke motar a kan tayoyinta sannan muka ɗaure bulon. Ya ce zai riƙe, amma yana yoyo, ba zai kai Bassam ba.

Bayan sallar Juma'a muka sa wa Yaya matashi, na ja a hankali. Muka wuce tashar mota ta Gare de Bassam direbobi na ɗaga mana hannu. Kafin mu fita Port-Bouët gefen dama ya fara ƙwanƙwasa, na ga Yaya yana cije leɓe. Na tsaya inda teku ta fara bayyana tsakanin bishiyoyin kwakwa, na ce, "Yaya, ka yafe ni, iyakarmu ke nan."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ita ce dai ta Bassam ɗin. Kashe injin in ji ta."

Ranar Asabar muka raka shi filin jirgi, Lahadi muka dawo Bouaké. Abin da na koyo bai da yawa: in mutum ya ce maka a kwance duka biyu, ka kwance. Yaya ya ji teku, amma Bassam ya roƙa, kuma ni na hana shi.