Beyar da Solfrid Take Gani

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Oddvar ya kira ni daga Tromsø ya ce matarsa, Solfrid Eilertsen, ta cika, bayan jinyar da ta cinye mata watannin duhun hunturu, da rana ba ta fitowa, gaba ɗaya. Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abarsa. Ina tsaka da wanke takalman baƙi a tashar jiragen ruwa ta Longyearbyen, a tsibiranmu na ƙanƙara can ƙuryar arewacin duniya, sai na ajiye burushi na zauna. Ban yi kuka ba. Gajiya ce ta sauko mini, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Yaya Solfrid, ke kika koya mini jagorancin masu yawon buɗe ido. Ke kika sa ni durƙuso ina kakkaɓe aljihun baƙi, kada irin ciyawar wata ƙasa ya biyo su tsibiranmu. Na tuna attajirin da ya cusa ƙahon barewa a jakarsa. Kika miƙa hannu kika ce, "Ranka ya daɗe, mayar musu, ba mu zo da shi ba." Da ya mayar yana huci, kika tsiyaya masa kofi mai zafi daga naki. Shekarar da mahaifina ya rasu kuwa, kin ɗauke aikina har na dawo, ba ki taɓa tayar da zancen ba.

Amma Gaɓar Agwagi ce ta fi tsaya mini a rai. A watan Yuni agwagin teku na kwanci a wurin, a ƙasa fili. Mutum na matsowa uwa za ta tashi, kafin ta dawo tsuntsaye masu farauta sun fashe ƙwan. Kamfaninmu kuwa yana son wurin, don baƙi suna son hoto. Kin yi sintiri wurin masu iko a hana sauka har kika gaji, kullum amsar ita ce ana dubawa.

A aikinmu ba mai sauka daga jirgi ya taka tudu sai babban jagora ya je da ƙaramin kwalekwale ya duba da madubin hangen nesa. In ya ce akwai farar beyar, magana ta ƙare, ko kyaftin ba ya musu, don dabba ce da ke yaga mutum. To, ke duk Yuni sai kin ga beyar a Gaɓar Agwagi. Wata rana ina gefenki na ce, "Yaya, ni fa dutse nake gani." Ba ki ko kalle ni ba kika ce, "Dutsen naka ya motsa, Jostein. Juya mu."

Na juya mu. Baƙi suka yi ƙorafinsu, kika kai su kallon ƙanƙara tana ruftawa cikin teku, suka manta.

A wurin jana'iza Oddvar ya gaya mini abin ya daɗe yana cin ki. Kin san kalmar jagora ce ke tsakanin mutum da ajalinsa, kuma ranar da aka daina yarda da ita wani zai mutu. Ba ki taɓa ɗaukar abin a matsayin dabara ba, nauyi ne kika ɗauka ke kaɗai.

Shekaranjiya manaja ya tare ni. Ya ce, "Jostein, bana kai ne babban jagora, kuma gaɓar tana cikin tsarinmu. Ina fata idonka ya fi na marigayiya lafiya." Ashe ya sani. Wallahi na gaji, Yaya. Jiragen ƙaruwa suke, agwagin raguwa suke, ga 'ya'yana biyu da ke ci daga wannan aikin. Haushinki ma nake ji da kika bar ni da madubin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Oddvar, da 'yarku Ragnhild, da duk jagororin da suka fito daga hannunki. Allah ya ba su haƙuri, ya jiƙan ki, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Allah ya yafe miki beyar da kika gani alhali babu ita. Ni ma ya yafe mini, don jirginmu zai isa gaɓar mako mai zuwa, kuma zan gan ta.