Wayar da Inna ta adana a kwalla

Ni mutum ne mai son abu mai tsada, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. In na shiga shago, wanda ya fi kuɗi nake fara tambaya, ko da aljihuna bai yarda ba. Shi ya sa da aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki a Kaduna, na ce wayar Inna, mahaifiyata, ta isa hutu. 'Yar mitsitsiya ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, kullum tana ƙulle a gefen zani tana ƙanshin man gyaɗa, don sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce.

Na sayo mata babba, irin ta shafawa, wadda ni kaina ban riƙe kamarta ba, na kai mata har garinmu Kunduru. Na yi ta zuba bayani kamar ni na ƙera ta. Ƙanwata kuwa, Allah ya shirye ta, ta faɗa mata kuɗin. Inna ta yi salati. Tsohuwar wayar, tun ban bar gidan ba Inna ta ba maƙwabciyarta.

Mun saba duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kira ta. Na kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Juma'a ta biyu na ji ta a kashe. Ƙanwata, da ke aure a Kusada, ta ce ta je ta tarar da Inna lafiya lau. Da ta uku ta wuce na hau mota, raina a ɓace, na shirya faɗa mai yawa.

Na iske ta tana matsar mai. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ina waya?"

Ta ja ni ɗaki, ta sauke jeren kwanoni, ta buɗe kwallar ƙasa. Ga waya can cikin kwalinta, an naɗe da sabon ɗankwali, kusa da atamfar da ta ƙi ɗinkawa shekara da shekaru.

"Wanga abu mai tsada haka, in riƙe shi da hannun mai? Ga ta nan lahiya lau, ko ƙwarzane babu."

Dariya ta kama ni, faɗan ya bi iska. Da la'asar na hau babur zuwa Kankia na sayo ƙarama mai araha. Ina sa mata layi na ce, "Amma Inna, ba ki damu da rashin jina ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, ai na ce tunda mai tsada ce, in ka kira zan ji ta ko tana ƙasan kwalla. Kowace Juma'a nakan aje aiki in zamna bakin ƙohwa ina saurare. Da ban ji komi ba, sai na ce aiki ya yi ma yawa, kada in matsa ma."

Na sunkuyar da kai, na ƙarasa sa mata layin.