Dutsen Kaushi da 'Yar Gashin Masara

Akwatin ya iso lakwal ɗinmu, wato makarantar boko ta Filinge, a zamanin soja, a saman motar da ke zuwa daga Yamai ranar kasuwa. Madam, malamar ajin ƙanwata, ta ce kyauta ce daga wasu masu tausayi na ƙasar Turawa. Ni dai har yau ina neman tausayin ban gan shi ba. Littattafan yara ne jeri guda da Faransanci, dukansu labarin yarinya ɗaya: yau ta je bakin teku, gobe ta hau doki, jibi ta kama ɓarawo ita da karenta. Sunanta ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka laƙaba mata 'yar gashin masara, don gashin nata launin gemun masara ne, ya zubo har gadon baya.

Wai ita ce kyakkyawa. Hancinta ɗigo biyu ne na alƙalami, ban san ta inda take shaƙar iska ba. Ƙugunta za ka zagaye shi da yatsu biyu. Ta yi gudu cikin rana ba gumi, ta faɗi ƙasa ba ƙurjewa, ta yi kuka ba majina. Ƙafarta kuwa ba ta taɓa jin labarin kaushi ba.

Ranar da na aro ɗaya na kai gida, kakarmu ta riƙe shi nesa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wagga ɗiya ba ta da lahiya," in ji ta. "Ku dibi wuya! Uwayenta ba su ba ta hura? Kai, Allah shi kyauta."

Muka yi ta dariya. A wajen kaka, da duk matan unguwarmu, kyau shi ne cikar jiki, da wushirya, da kitso mai tsabta, da zanen fuska. A gidanmu tun kaka da kakanni wanzami ke jan aska a kumatun jariri, daga gefen baki zuwa wajen kunne, kuma ni da ƙanwata mu ne na ƙarshe da aka yi wa. Nata ya fi nawa fita. Mata a bakin rijiya sukan kama haɓarta su juya fuskar, su ce hannun wanzamin nan bai yi rawa ba. Ko mutanen Bonkuku da ke zuwa cin kasuwa, da sun dube ta sun san gidan da ta fito.

To, a cikin littattafan nan ma akwai masu tabo a kumatu. Duk ɓarayi ne. Ka buɗe wanda ka ga dama: in ka ga mutum da layi a fuska, ko ƙaton hanci, ko mace mai jiki, ka riƙe jakarka. Ni da nake babba, na lura da haka, na yi tsaki na wuce. Ƙanwata kuwa son littattafan take kamar ranta. Ta fi kowa karatu a ajinsu, tana canza murya, ta yi ta yarinyar, ta yi ta ɓarawo, har haushin karen. Yaran gidanmu da ba su san Faransanci ba sukan zagaye ta a gindin itacen bedi su saki baki.

Da ƙarshen shekara ya matso, aka ce kumandan zai zo bikin rufe lakwal, wani soja mai baƙin tabarau da ake yi wa tafi tun kafin ya sauko daga mota. Madam ta ce za a yi wasan kwaikwayo da ɗaya daga cikin littattafan. Madam ɗin nan baƙa ce kamarmu, ko in ce da baƙa ce. Ta sha man bilicin har fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu suka ƙi bin ta, gashi kuma ya sha ƙarfe mai zafi har yana ƙauri. Ta karanta littattafan nan ta yarda da su fiye da yaran da take koyarwa.

Ƙanwata ta riga ta haddace labarin daga bango zuwa bango, kowa ya san ita za a ba yarinyar. Sai madam ta ba wa ɗiyar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, fara mai dogon hanci, wadda ba ta iya layi biyu ba tare da tuntuɓe ba. Ƙanwata ta ɗaga hannu ta tambayi dalili. A ajin da ake rataya wa yaro ƙashi a wuya in ya yi Hausa, madam ta amsa mata da Hausa, don kada kowa ya rasa fahimta.

"Muryakki ta yi, karatunki ya yi. Amma dibi hoton, ki dibi huskakki. Da ba don zanen ga ba, da ke na ba. Ke za ki yi ɓarauniya, ba sai mun ɓata gawayi ba."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ina babban aji, a bakin 'yan mata na ji labarin lokacin hutu, na neme ta na iske ta tana wasan 'yar gala-gala kamar ba a yi komai ba. Ko a gida ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar Alhamis ba lakwal. An yi ruwan shuka, baba da yayyenmu suna gona, Inna ta tafi kai musu fura da hantsi. A makewayinmu akwai wani dutse mai kaifi-kaifi da Inna ke goge kaushin dugaduganta da shi bayan wanka. Ƙanwata ta sha ganin yadda yake cinye tsagar ƙafa har ta yi sumul, sai ta yi lissafinta na yara: abin da ya goge tsaga a ƙafa zai goge ta a kumatu. Ta jiƙa dutsen, ta shafa sabulu, ta fara da kuncin hagu.

Ina tankaɗe na ji ƙarar gurza, na ɗauka tukunya take kankarewa. Da abin ya daɗe na leƙa. Tana durƙushe, ruwan kwaryar ya yi ja, kumfa ta yi ja, fata ta saluɓe daga ƙasan ido har haɓa. Ba ta kuka. Ta juyo mini kuncin ta ce, "Yaya, diba mini. Ya goge?"

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hantsin ba, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani yarinyar takardar nan ba, da wanda ya zana ta, da wanda ya ɗauro ta a akwati ya aiko mana.

Inna ta dawo tana salati, na faɗa musu abin da madam ta ce, kaka ta wanke wurin da ruwan ɗumi ta shafa man kaɗe, tana zagin madam da duk danginta. Baba kuwa bai taka lakwal ba. A zamanin nan manomi ba ya zuwa lakwal yin faɗa da matar da mijinta ke rubutu a ofishin kumandan.

Aka yi wasan. Madam ta ga ɓawon ciwon a fuskarta, ba kunya ba tsoron Allah ta ce hakan ma ya fi dacewa. Ɗiyar mai duwan ta fito da gashin da aka yi da zaren buhu, ta kalli tabaran kumandan, komai ya gudu daga kanta. Ƙanwata, ɓarauniya, tana durƙushe a gabanta da igiya a hannu, ita ke raɗa mata kalmomin da za ta zage ta da su. Kumandan ya yi dariya, manya suka duba suka ga yana dariya, su ma suka yi.

Ciwon ya warke. Zanen yana nan daram, sai dai ya sami ƙarin baƙin tabo a kewayensa. Tun daga nan ta koyi jan mayafi ta rufe kuncin hagu, ta koyi zama a inda bango zai kasance ta wannan gefen. Yaran gida suka yi ta roƙonta a gindin bedi, ba ta ƙara karanta wa kowa labari ba. Tana gama firamare ta ce lakwal ta ishe ta, ta koyi ɗinki, daga baya ta auri wani ɗan kasuwa nan cikin Filinge.

Sojoji suka tafi, aka yi zaɓe, suka dawo, suka sake tafiya. Wata shekara na zo daga Yamai ganin gida, ina zaune a ɗakinta tana taka keken ɗinki, sai ga ƙaramar ɗiyarta ta shigo da gudu da sabon littafi. Wani shiri ne ya raba su a lakwal, da Hausa aka rubuta, wai namu na kanmu, don yaranmu su ga kansu. Na karɓa na buɗe. Wallahi ita ce, 'yar gashin masara! Sun shafa mata launin shayi da madara, sun ɗaura mata atamfa, amma ga hancin nan ɗigo biyu, ga ƙugun, ga gashi har gadon baya, sai dai an mai da shi baƙi. Ɗan ƙasa ne aka ce ya zana, ya sha wahala ya je lakwal don ya koyi kwafar abin da aka raina uwarsa da shi.

Na mayar wa yarinyar da littafin. Ta hau cinyar uwarta tana buɗe mata shafi-shafi, tana nuna awaki da rumbu da murna. Suka kai inda muguwar tsohuwa ke satar akuya. An ja wa tsohuwar layuka a kumatu, daga gefen baki zuwa wajen kunne, irin na gidanmu sak. Yarinyar ta kalli hoton, ta ɗaga kai ta kalli uwarta, sai ta yi maza ta kifa tafin hannunta a kan fuskar tsohuwar.

Ƙanwata ta tsai da keken. Ta gyara mayafinta ta gefen hagu.

"Ɗauke hannunki, ɗiyata," ta ce. "Na san ta. Ni na yi ta gaban kumandan."