A Kan Tankin Babur ɗin Kawu Haladu

Ranar wata Asabar ce a watan Disamba, shekarar da gwamnati ta canja wa masu mota hannun tuƙi, ina aji bakwai. Ana idar da sallar asuba aka ɗaga ni cak kamar tunkiyar sayarwa aka ɗora a kan tankin babur ɗin Kawu Haladu, a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gagarawa wanda ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin Kawu suna can har yau, kuma suna da baki. Sanyin ranar irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori ne. Awaki sun cure a jikin danga, kaji sun ƙi fitowa daga akurki, hatta karen maƙwabcinmu da ke yi wa inuwarsa haushi ya kwanta cikin toka ya ba mu lafiya. Ni kuwa ga ni cikin rigar makaranta mai gajeren hannu da gajeren wando, fensir biyu a aljihu, za ni Gumel in rubuta jarrabawar shiga sakandare. Mu biyu hedimasta ya zaɓa a ajinmu, ɗayan kuma ƙyanda ta kwantar da shi, saboda haka duk ilimin ƙauyenmu ni kaɗai aka ɗora a kan tankin nan.

Kawu Haladu, Allah ya jiƙansa, tunda dole ne a ce haka, ƙanin mahaifiyata ne, dillalin shanu a kasuwar Maigatari. Mutum ne siriri mai dogon wuya, wanda in yana magana sai ya riƙa kallon saman kanka kamar akwai wani babba a bayanka da ya fi cancanta a yi wa bayani. Da kakar shekarar ya shigo gari da babur mai jan tanki, na farko da ya taɓa kwana a ƙauyenmu. Ba ya ce masa babur, wai wannan sunan na ƙauyawa ne. Shi “moto” yake cewa, irin ta mutanen Damagaram da yake ciniki da su, makaranta kuma “lakwal”, alhali ko sunansa bai iya rubutawa ba, da boko ko da ajami. Babu wanda ya koya masa tuƙi. Da aka ce an koma hannun dama, shi kuma bai gama sanin na hagun ba, sai ya raba gardama ya riƙa bin tsakiyar hanya. Mu yara ba mu ga aibinsa ba. Mu bi shi a guje muna shaƙar hayaƙi, mu hana 'yan mata share sawun tayarsa a ƙofar masallaci, da yamma kuma mu tsaga karan dawa mu haɗa namu baburan, muna tuƙi da baki har miyau ya ƙare. Wanda aka bari ya goge madubi da gefen rigarsa, ranar ba ya cin tuwo da kowa.

Mu dai mun san sanyi tun kafin babur. Lokacin ɗari da sassafe ake tashinmu mu tara kara mu hura wuta a tsakar gida, mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa bayanmu na daskarewa, muna jiran Inna ta sauke ɗumame. Ƙafafunmu duk faso ne, ƙwaurinmu fari fat kamar an barbaɗa gari, sai ranar Juma'a a murje mu da man shanu mu yi ta ƙyalli ƙudaje na rakiya. Kafin makaranta sai na ja guga a rijiyar nan tamu mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira, in ba awaki harawa, sannan in ruga kafin a buga ƙarfen taya da ke rataye a jikin bishiyar maina. Duk da haka a aji babu mai kama ni a lissafi. Ban faɗa don yabon kai ba, ai kun ga inda abin ya kai ni. Hedimasta da ƙafarsa ya zo zaurenmu ya ce wa Baba yaron nan in ya shiga sakandare ba a san inda zai tsaya ba. Baba mutum ne mai shiru. Ya tsara cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai ɗora ni a jaki mu kama hanya a hankali, mu kwana gidan gwaggona a Gumel, in wayi gari in yi wanka da ruwan ɗumi in sha kunu in shiga jarrabawa kamar ɗan mutane.

Wannan shiri mai hankali shi Kawu ya ji ya ce an ci mutuncinsa. Wai yana da moto a gari a kai ɗan 'yar'uwarsa lakwal a kan jaki, mutanen Gumel su ce me. Tafiyar da jaki zai yi wuni yana yi, shi kafin shayi ya huce ya gama ta. Ya yi ta faɗa a zaure har Inna ta leƙo ta sa baki don kada ƙaninta ya yi fushi, Baba kuma ya ce to, don bai iya jayayya da suruki ba. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Kwana biyu ina bin abokaina ina yi musu alkawarin zan ba su labarin yadda iska take.

Da safiyar Inna ta naɗe ni da gwadonta mai kauri tun daga wuya har gwiwa, ta ɗaure da igiya a ƙugu. Kawu na ganina ya yamutsa fuska. “Yaya, kwance masa wannan abin. Ba zan shiga Gumel da buhun gawayi a kan motona ba.” Ta ce sanyi fa, Haladu. Ya ce namiji ne, kuma zafin inji kaɗai ya ishe shi. Aka kwance gwado. Sannan ya ce ba a baya zan zauna ba, a gaba zai sa ni, wurin girma, inda zan ga hanya kamar ni ne direba. Na ji kaina ya kumbura. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma, shi ne gogan naka kafin ya hau sai da ya zagaya bayan rumbu, na ji ƙarar takarda. Takardar buhun siminti ce ya ninka uku ya cusa a ƙirji a ƙarƙashin babbar rigarsa, dabarar da ya gani wurin masu babur na Maigatari. A kan takardar ya ɗora riga, a gaban rigar kuma ya ɗora ni. Wato ni ne ninki na huɗu.

Wanda bai taɓa zama kan tankin babur da asubar Disamba cikin gajeren wando ba, kada ya zo yana ba ni labarin wahala. Ƙarfen tankin ya manne mini a cinya tun kafin a buga kik. Muna fita gari iska ta same ni a fuska kamar an watso tsakuwa. Idanuna suka kawo ruwa, hawayen ya bi ta gefe ya shige kunne. Hancina ya zuba, ba halin sharewa, don an ce in riƙe tsakiyar kan babur da hannu biyu kada in sake ko da wasa. Gonakin gero da aka girbe suna wucewa, ga buƙƙokin riɗi a tsaye, ga Fulani sun kewaye wuta a bakin hanya suna kallonmu, ni ina kallon wutarsu kamar in yi tsalle in faɗa ciki. Shi kuwa Kawu ya lafe a bayana, ya sa haɓarsa daidai ƙeyata, yana ta ba ni labarin wani bijimi da ya sayar, yana danna hon ga duk wanda ya hango ko da a tsakiyar gona yake. Sau biyu yashi ya kwashe tayar gaba muka yi tangal-tangal, ya ce ni ne nake motsi. Wajen rabin hanya na daina jin yatsuna. Na so in faɗa masa, na tarar leɓena ma ba nawa ba ne.

Mun isa makarantar da ake jarrabawar ana kiran lamba. Kawu bai tsaya a bakin ƙofa ba, sai da ya kewaya filin sau ɗaya don malamai su ga moto. Da ya sauke ni, hannuwana suka ƙi buɗewa. Sun ƙandare a lanƙwashe kamar ƙafar kazar da aka yanka, na kasa ko ciro fensir daga aljihu. Na nuna masa. Ya dube su ya yi tsaki, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, su direbobi ga yadda suke yi. Ya nuna mini salansa, bututun hayaƙin babur, ya ce in kama ta in ƙirga goma. Ni kuma yaron kirki mai jin maganar manya, ga iya lissafi, na durƙusa na damƙe ta da hannu biyu na fara ƙirga. Ban ji komai ba, wallahi, ko ɗumi. Ina kan bakwai wani dattijo mai sayar da rake a bakin shinge ya daka mana tsawa ya fizge ni. Sai a lokacin na ji ƙauri, irin na babbakar kan rago. Dattijon ya dubi Kawu tun daga hula har takalmi ya ce, “Malam, kai ka haifi yaron nan kuwa?” Kawu ya ce ɗan yayarsa ne. Dattijon ya ce ai ya ga alama.

Na shiga aji na zauna a bencin da aka rubuta lambata da alli. Aka raba takardu, aka ce a fara. Nan ne hannuwan suka farka, suka kuma farka da fushi. Tafukana suka tashi bororo fal ruwa, yatsun suka kumbura kamar rogo. Na duba shafin farko, lissafi ne, kuma wallahi na san amsar kowace tambaya, ina ganinta a kaina kamar an rubuta a allo. Na kama fensir da yatsa biyu ya faɗi. Na matse shi tsakanin wuyan hannu biyu, ya zana wani abu kamar sawun tsaka. Har da baki na gwada, na kusa da ni ya fashe da dariya, mai tsaron jarrabawa ya zo ya tsaya a kaina. Mutumin kirki ne, ya duba hannun ya girgiza kai, ya ce doka ba ta yarda wani ya rubuta mini ba, amma in zauna ko zai lafa. Na zauna awa biyu hannuwana a sama kamar mai addu'a, ina jin ƙarar fensiran 'ya'yan mutane. Abin da na bari a takardar nan rabin sunana ne da ɗigon ruwan bororo.

A hanyar dawowa rana ta yi zafi, sai Kawu ya ce in koma baya, gaba ta yi masa cunkoso. Kafin Inna ta gama shafa mini ƙwai da man shanu a hannu, shi ya riga ya zauna a dandali ya tsara nasa labarin. Wai ya kai ni cikin minti kaɗan, malamai na ta sha'awar moto, amma yaron da ya ga Turanci sai ya rikice ya je yana wasa da salansa. Haka gari ya ɗauka, don shi ke da babur, ni kuwa ba ni da komai sai tsumma a hannu. Hedimasta ya dawo zaure ya roƙi a bar ni in maimaita aji bakwai. Baba ya ce an gwada, Allah bai nufa ba, ga gona tana jira. Ban taɓa jin ya ce wa Kawu uffan ba. Abu ɗaya na sani, har Baba ya bar duniya bai taɓa hawa babur ɗin nan ba, ko ranar da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa Idi. Karatuna ya tsaya nan. Wannan 'yar Hausar da kuke karantawa ita ce abin da ya rage, in kun ga kuskure ku san wurin wanda za ku kai ƙara.

Yanzu babur ya zama kamar kaji a Gagarawa, kowane gida sai ka taka ɗaya. In sanyi ya shigo nakan zauna a ƙofar gida da hantsi ina kallon samarin zamani suna wucewa, rigar sanyi kan rigar sanyi, safar hannu, safar ƙafa, hula har gira, an ɗaure baki da hanci kamar masu zuwa fashi, tafiyar kuma ba ta wuce tasha ba. Su sauka suna rawar ɗari suna neman mai shayi, wai sun sha wuya. Jikokina ma haka ake kai su makarantar da ke nan bayan kasuwa, a naɗe kamar ƙullin magani, su dawo su jefar da jaka su ce jarrabawar yau ta cika tsawo, shafi huɗu. Nakan ce musu ragwaye, 'ya'yan madara, su yi dariya su ce Alhaji ya fara. In sun shige ciki kuma sai in ɗauki takardar da suka yar, in sa tabarau in bi ta a hankali har ƙarshe. Tawa shafi biyu ce kawai, kuma ban iya juya ta ba. Har yau ina so in san abin da aka tambaya a bayan.