Dunduniyar Takalmin Dogo

Dogo ake ce masa, ɗan mai gyaran takalmin nan na bakin titi. Tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, kuma ta hagun janta yake yi, shi ya sa dunduniyar takalminsa kullum ta gefe take cinyewa. Uban ya gyara, ya yi faɗa, ya sake gyarawa.

Gemu bai gama fito masa ba ya bar ƙasar. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, ya yi gadi a garin da sanyi ke fasa leɓe. Uwar dai sai addu'a, duk sallah da sunansa take shafawa.

Ana nan, ƙanwarsa ta kira shi a waya. "Yaya, ka taho. Baba ya fara mantuwa. Jiya ni ma tambayata ya yi 'yar wace ce."

Ya taho. Ya tarar da tsohon a kan gado kusa da taga, ya rame, hannuwan nan sai jijiya. Ya durƙusa.

Tsohon ya ce, "Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

"Baba, ni ne."

"To, madalla. In ka ga yarona a can, ka ce masa ya dawo."

Dogo ya fita ya wanke fuska. Uwar ta ce ya yi haƙuri, haka Allah ya so. Ya ce, "Inna, ba inda zan koma sai ya kira ni da bakinsa."

Shi ke masa wanka, shi ke masa aski, shi ke zuba masa ruwan alwala. Ya nuna masa tsohon hoto, ya nuna masa tabon da ke gwiwarsa. Tsohon sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan mutane. Iyayenka sun iya tarbiyya." Ƙanwar kuwa ta samu abin tsokana: "Ɗan mutane, zo ka ɗauke kwanon nan."

Wata safiya yana shara, ya jawo akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin gado: basilla, zare, 'yar guduma, gwangwanin gam da ya bushe. Sai ya ga idon uban yana bin akwatin, yatsunsa suna motsi. Dogo ya cire takalminsa na hagu ya miƙa da hannu biyu.

"Maigida, aiki na kawo."

Tsohon ya juya takalmin, ya bi dunduniyar da babban yatsa. Ya mayar masa da shi.

"Tashi ka taka in gani."

Ya taka zuwa ƙofa, ya juyo.

"Kai, Dogo! Har yau ba ka daina jan ƙafar nan ba? Duk yawon nan da ka yi, ba wanda ya koya maka tafiya?"

Uwar da ke bakin ƙofa ta dafa bango, bakinta sai alhamdulillahi.

Kafin la'asar tsohon ya sake ce masa bawan Allah. Ƙanwar ta ce, "Kawo a kai takalmin a gyara maka, Yaya, ya zama abin kunya."

Ya ce, "Kar ki taɓa shi. Gobe da safe ma shi zan kawo masa."